Ni Na Nuna Kwarin Madobiyar Surukina, Amma Wani Za A Kora

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan shafi, da ku masu karatu baki ɗaya. Ina fatan kowa yana lafiya shi da iyalinsa. Hajiya don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata a ciki ma duk na canja su. Ku kuma masu sharhi ina roƙonku ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagi. Zagin na riga ku, na zagi kaina har na gaji, bai gyara komai ba. Shawara nake nema, kuma kafin Juma'ar nan nake son ta, domin ranar ce za a raba wani dattijo da gonarsa a kore shi daga ƙauyensu a kan laifin da ni na aikata.

Ni makanike ne a nan Jalingo, shagona yana Mayo Gwoi. Janareto nake gyarawa, da injin ban-ruwa, da injin zarto wanda ake yankan itace da shi. Aikin na iya shi, wannan kowa zai shaide ni. Matsalata baki ce. Ba na iya jin ana ba da labari in yi shiru, sai na tsoma baki na nuna na fi kowa sani. Mahaifiyata tun ina ƙarami take yi min faɗa a kan wannan hali, ina dariya. Yau ba na dariya.

Matata Bafulatana ce, zan kira ta Dudu. Mahaifinta, wanda duk muke ce wa Bappa, makiyayi ne, rugarsu tana can bayan gari wajen duwatsu. Wanda bai zauna da Fulanin daji ba ba zai gane irin kunyar da ke tsakanin uba da mijin 'yarsa ba. Tunda na auri Dudu, Bappa bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa kallon ƙwayar idona ba, ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. In na je gaisuwa tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, ya amsa yana kallon wani gefe. In yana da magana da ni, Dudu zai faɗa wa alhali ina zaune ina ji, ni ma in juya in ba Dudu amsa. Da farko abin dariya yake ba ni, har nakan tsokane ta in ce ko za mu sayo wa babanki waya ya riƙa turo min saƙo. Ku riƙe wannan magana ta kunya, don a kanta komai ya rataya.

Bara Dudu ta haifi 'yarmu Ummi, ta zubar da jini sosai. An ƙara mata a asibiti, an sallame mu, amma jiki ya ƙi dawowa. Ta yi fari fat, ko jaririyar ba ta iya ɗagawa, in ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Wata safiya na fito zan tafi shago sai na tarar da Bappa tsaye a ƙofar gida da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kalli babur ɗina da ke jingine, ya ce, kamar da babur ɗin yake magana, "Akwai magani a daji, amma ƙafa ba za ta je ta dawo yau ba." Na gane. Na tayar da babur, ya hau bayana. Jama'a ku duba fa, mutumin da ko tabarma ɗaya ba mu taɓa haɗawa ba, yau ga shi a bayana ina jin numfashinsa. Tun daga Jalingo har muka bar kwalta bai ce uffan ba. In za mu yi dama sai ya dafa kafaɗata ta dama, in hagu ce ya dafa ta hagu, in yana so in tsaya ya dafa duka biyun. Da hannu ya nuna min hanyar nan kaf.

Mun ajiye babur a bakin wata gonar doya, muka ratsa ta da ƙafa, muka bi ta wata tsaga tsakanin duwatsu wadda in ba a nuna maka ba za ka rantse babu hanya. Muna fita sai ga kwari. Wallahi tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin madobiya irin ta wurin ba. Manya-manya, in ka buɗe hannuwanka ba za ka kama rabin gindin ba. Ga idon ruwa a ƙasa yana gudu, ga amyoyin zuma a rataye a rassa, ga sanyi kamar ba a Taraba kake ba. A jikin kowace bishiya akwai 'yan sare-sare da aka yi da gatari, ɗaya sama da ɗaya, wurin sa ƙafa in za a hau. Bappa ya yi bismilla, ya ɗan ɓamɓari ɓawo ta gefe guda, jan ruwan nan ya tsattsafo kamar jini, ya ɗebo laka ya shafe wurin da ya yi wa rauni. Ni kuma ina bayansa me nake yi? Na zaro waya na ɗauki hotuna, na danna na ajiye lokeshan ɗin wurin. Allah shaida ne a lokacin ba ni da wata muguwar niyya. So nake kawai in samu abin ba da labari.

Ko maganin ne, ko na asibiti ne ya kama, ko duka biyun, Dudu ta tashi. Ita ce daga baya ta warware min zancen kwarin. Ta ce in bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare ƙurmus, lokacin ne madobiya take fitar da sabon ganye. Bappa yakan hau ta waɗannan sare-saren ya sassaro rassa daidai yadda bishiyar ba za ta ji ba, a jawo wa shanu, da shi suke tsallake yunwa har ruwa ya sauka. Haka ya gada wurin mahaifinsa. Amyoyin kuma na Baba Bulus ne, mai gonar doyar da muka ratsa. Baba Bulus Mumuye ne, Kirista, gidansu ne dattawan ƙauyensu suka damƙa wa tsaron kwarin tun kaka da kakanni, saboda ruwan da ke fitowa daga ciki shi ƙauyen yake sha. Shi da Bappa tare suka tashi. Wannan ya ɗebi ganye, wancan ya ɗebi zuma, bayan girbi shanun Bappa su kwana a gonar Baba Bulus su bar masa taki. Tunda aka fara haukan sare madobiya a jihar nan suka ƙulla cewa ba mai kai baƙo wurin. Ranar sunan Ummi har gida Baba Bulus ya zo da galan na zuma a kansa, yana cewa da irin Hausarsa, "Ina yarinya na? A ba shi ya sha, jini zai dawo." Na sha zumar nan da burodi. Ni da bakina na sha.

To, masu sare itace kwastomomina ne, don injinansu nake gyarawa. Su ba sa cewa madobiya, madirid suke ce mata. Akwai babbansu da ake kira Manaja, shi ke haɗa masu inji da masu mota da mutanen da ke saye a Legas. Wata rana suna zaune a shagona ana jiran in gama ɗaura sarƙa, Manaja yana ta ƙorafi wai madirid ya ƙare a Taraba, sai 'yan ƙanana da ba su kai a sa musu zarto ba, wai shi Kamaru zai koma. Ai sai bakin nan nawa ya motsa. Na ce, "Ku dai ba ku san daji ba, kwalta kuka sani." Suka yi min dariya, wani ya ce makanike me ya sani in ban da baƙin mai. Raina ya ɓaci. Na goge hannu na zaro waya na ce to ku kalla. Manaja ya karɓi wayar yana buɗa hoton da yatsu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Injiniya, ina ne nan?" Ranar ya fara ce min Injiniya. Na ce a'a, wannan wurin surukina ne, ba na faɗa ba ne. Ya ce, "Haba, ai ba komai, Allah ya bar zumunci."

Bai matsa min ba, kuma da ya matsa da wataƙila na tsira. Sai dai aiki ya fara zuwa shagona kamar ruwa. Ya turo min injina, ya kawo min kayan gyara sababbi a kwali, in zai wuce ya tsaya da motarsa ya ɗaga min hannu mutane suna gani. Wata rana ya nuna min bidiyo a wayarsa, wani katafaren shago a ƙasar Sin, ga tebura da kujeru jajaye an sassaƙa musu furanni suna sheƙi, wata mata sanye da farar safar hannu tana goge su. Ya ce, "Ka ga wannan? Daga irin dajinku ya fito." Na ce ai na ji an hana fitar da shi. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "An hana a bakin wa? A daji ne kawai yake haram. In ya hau tirela ya zama katako, kowane shinge akwai gaisuwarsa. In ya isa Legas takarda za ta ce tun kafin doka aka sare shi, ko ta kira shi da sunan wani itacen. In aka rufe kwantena ya hau ruwa, shi ke nan ya yi wanka. Wanda zai zauna a kujerar nan da rasit ya saya, kai za ka ce masa ɓarawo?"

Na koma gida da maganar nan tana yi min yawo a ka. Kun san da me na yaudari kaina? Na ce ai Bappa bai ce min kada in faɗa wa kowa ba. Wallahi wannan ita ce hujjar da na riƙe. Bai ce ba! To ta yaya zai ce, mutumin da ko ina kwana ba ya ce min kai tsaye? Shi a wurinsa, tunda ya iya danne kunyarsa ya hau bayana ya dafa kafaɗata, ai ya gama magana, ya ba ni amanar da ko wasu 'yan uwansa bai ba ba. Ni kuma na ɗauki kunyar dattijo na mayar da ita ƙofar da zan bi in cuce shi. Na ce 'yan kaɗan za su sara su bar saura. Na ce in ban nuna ba wani zai nuna. Na ce ni ma ina da iyali. Ranar da na tura wa Manaja lokeshan ɗin ko tashi daga kan kujera ban yi ba, da babban yatsa na danna. Abin da aka ba ni ba zan faɗa ba, kunya ba za ta bar ni ba, kuma ko sama ko ƙasa yanzu babu shi.

Bayan kaka suka shiga, lokacin Bappa ya gangara da shanu bakin kogi. Manaja ya ce dole in bi su saboda in inji ya tsaya a daji. Na bi. Suka fasa hanya ta tsakiyar gonar Baba Bulus, suka farfasa bakin tsagar har babbar mota ta iya kusantowa. Ina cikin wasa haƙoran sarƙa sai na hango Baba Bulus ya taho da gudu, tsoho da shi, fartanya a kafaɗa, yana ɗaga hannu. Kun san abin da na yi? Na yar da abin hannuna na shige ƙarƙashin mota na kwanta kamar ɓarawon akuya. Daga nan nake jin muryarsa: "Wane ne ya kawo ku? Wannan wuri ba na sayarwa ba ne! Ruwan mutane yana ciki!" Manaja ya zaro wata takarda mai hatimi ya ce daga sama aka turo su, in ya hana aikin hukuma zai kwana a ɗaure. Tsohon nan ba ya karatu. Ya ce to doyar da kuka tattake fa? Manaja ya dunƙula wani abu ya cusa masa a aljihu a gaban yaran aiki, ya ce ga na doya. Ina kallon ƙafafunsa ta ƙarƙashin mota, ya daɗe a tsaye, sannan ya juya.

Ba su bar ko ɗaya ba. Wanda ya ce maka mai sare madirid yana sara ya bar saura ƙarya yake. Bishiya ta faɗi ƙasa ta girgiza, amyoyi su tarwatse, ƙudan zuma su yi ta yawo ba su san inda za su ba. Kuma abin takaici, zuciyar itacen kawai suke so. Su fafe gefe huɗu su fitar da jan tsakiyar, sauran duk a watsar a wurin, rassa da ganye da ɓawo, har suka toshe idon ruwan. Ni kuma da za mu taho, saboda tsabar rashin hankali, na ga wani faffaɗan ɓangare da aka fafe aka yar, na ce wannan zai yi benci. Na ɗora a mota na kawo gida, kafinta ya sa masa ƙafafu, na ajiye a zaure. Na ce wa Dudu wani kwastoma ne ya ba ni.

Bazarar bana kowa ya san yadda ta yi zafi. Bappa ya dawo da shanu, ya shiga kwari da gatarinsa, ya tarar da kututture. Shanu suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu, wasu suka kwanta sai an kama wutsiya an ɗaga su, masu ciki suka yi ta zubarwa, na mutuwa suka mutu. Ruwan ƙauyen su Baba Bulus ya ja baya, mata suka koma tono a rairayi. Wa za a zarga? Ta gonar wa aka fasa hanya? Wa aka gani an cusa wa abu a aljihu? Yayyen Dudu suka kora sauran shanun cikin irin doyar Baba Bulus da gangan, samarin ƙauyen suka sassare saniya guda, saura kaɗan a zubar da jinin mutane. Mutanensa ma suka juya masa baya, suka ce ya sayar da ruwan da kakanninsa suka tsare. Na ji an ce ko a coci ba mai zama kusa da shi. Duk wannan ina Mayo Gwoi ina ɗaure noti, in Dudu ta kawo zancen in ce, "Kai, mutane ba su da amana." Ni na faɗi haka. Allah na tuba.

Ana cikin haka Bappa ya shigo Jalingo sayen dusa, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, saya wa saniya abinci da kuɗi. Ya biyo ya duba jikarsa. Ina zaure na durƙusa, Dudu ta jawo bencin nan da murna ta ce, "Bappa zauna a nan." Ya kai hannu zai dafa, sai ya tsaya. Yatsunsa suka bi ta ƙasan bencin, ɓangaren da ɓawo yake, suka faɗa cikin wani sara, suka matsa gaba suka faɗa cikin na biyu. Wuraren sa ƙafarsa ne, da gatarinsa ya sare su. Ni ban taɓa lura da su ba sai a lokacin, wallahi sai da na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Bai ɗago ba. Ya janye hannunsa, ya shimfiɗa ɗan buzunsa a ƙasa ya zauna, ya ce wa Dudu ƙasa ta fi masa daɗi. Ya karɓi Ummi ya yi mata wasa, ya sha ruwa, ya yi sallama ya tafi.

Na ruga wurin Manaja na ce masa ga halin da ake ciki, za a hallaka tsoho a banza, ya zo ya faɗa cewa ba shi ya kai su ba. Ya kalle ni sama da ƙasa, yau babu Injiniya. Ya ce, "Malam, wane itace? Ni ban san wani kwari ba. Kayan da na loda da takardunsu, yanzu haka sun tsallake ruwa. In kana da shaida ka je ka nemo su a can." Na ce ai saƙon yana wayata. Ya ce, "Madalla, wato kai ka tura ke nan. To ka je ka faɗa, mu ga wanda za a kama tsakanina da kai. Kuma ka sani ni ma yaron wasu ne, su ba sa son hayaniya." Na juya na fito. Ashe duk tsawon layin nan, daga mai mota zuwa mai hatimi zuwa mai jirgi zuwa mai shagon da ake goge kujera da farar safa, kowa hannunsa fes. Dattin gaba ɗaya a nan aka bar shi, a kan wani tsoho mai fartanya.

An zauna a gaban Jauro, wato shugaban Fulanin yankin, da mai garin su Baba Bulus. Baba Bulus ya ce shi bai kai kowa ba, mutanen da wayarsu suka zo tana nuna musu hanya, don haka a binciki ɓangaren Bappa, wani ya taɓa shigar da baƙo. Yayyen Dudu suka ce ƙarya ne. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai aka yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Bappa zai dafa Alƙur'ani ya rantse cewa bai taɓa kai kowa kwarin ba. Su kansu mutanen ƙauyen, da ba addininsu ba ne, suka ce sun yarda, domin ba a taɓa kama Bappa da ƙarya ba. In ya rantse, za su karɓe gonar Baba Bulus su sallame shi daga ƙauyen. Mutumin da ya tsufa a wurin, kaburburan iyayensa suna wurin, ina za shi?

Ranar Lahadi na kai Dudu ruga. Ina durƙushe a bayan zana, ita tana ciki wurin mahaifinta, ina jin su sarai, kuma ya san ina ji. Sai ya ce mata, "Dudu, ranar da na je ɗebo miki magani, da ƙafa na je ko? Tsufa ya sa ina mantuwa." Ta ce, "A'a Bappa, ai baban Ummi ne ya kai ka a bab..." Ban ga fuskarta ba, amma na ji lokacin da maganar ta tsinke mata a baki. Bappa ya ce, "Kina kwance ba ki san inda kanki yake ba. Da ƙafa na je." Wata saniya tana kuka can nesa. Sannan ya ƙara da cewa, "Ki gaya wa mai gidanki ya zo ranar Juma'a ya kai ni gidan Jauro a babur. Ya iya ɗaukata."

Tun daga ranar Dudu ba ta tambaye ni komai ba. Tana dafa abinci, tana ajiye min, tana amsa gaisuwa. Bencin ne kawai na dawo daga shago na tarar ta juya shi ta jingina da bango, sare-saren suna kallon duk wanda ya shigo. Ni kuma na kasa taɓa shi.

Jama'a, ban san me Bappa yake nufi ba, kuma ba ni da bakin tambayarsa. Ko ya yanke ne zai yi rantsuwar ƙarya da littafin Allah, ya sayar da lahirarsa da amininsa na yarinta, don kada a ce mijin 'yarsa ne ɓarawon, don kada Ummi ta tashi da wannan suna? Ko kuwa dama ce ta ƙarshe yake ba ni, ya ga ko zan buɗe bakin nan nawa da ba ya rufuwa, sau ɗaya a inda ya dace? Shi dai ba zai taɓa kama sunana a gaban taro ba, ko za a yanka shi. In gaskiya za ta fito, daga bakina za ta fito.

Kuma kada in yi muku ƙarya, tsoro nake ji. In na faɗa, yayyen Dudu da suka binne shanunsu ba za su tsaya jin ba'asi ba, kuma ko sun bar ni da rai ba za su bar min ita ba. Samarin ƙauyen suna nan, hukuma tana nan, mutanen Manaja suna nan. Mahaifiyata tana da hawan jini. Na yi tunanin in je wurin Jauro a ɓoye kafin ranar, na yi tunanin in fara zuwa in durƙusa gaban Baba Bulus, na yi tunanin in kashe waya in hau motar Yola in ɓace. Har na yi tunanin in ce babur ya lalace, kamar hakan zai hana Juma'a zuwa. Bishiyoyin ba za su dawo ba ko na faɗa ko ban faɗa ba, wannan na sani. Amma tsohon nan yana da gona har yanzu, kuma Bappa bai rantse ba har yanzu.

Don Allah malamai da manya da ke wannan shafi, da duk wanda ya san Fulani ya san yadda ake shiga irin wannan magana ba a zubar da jini ba, ku taimake ni. Jibi zan tayar da babur, dattijon nan zai hau bayana, ba zai ce min komai ba. Zai dafa kafaɗata ta dama in yi dama, ya dafa ta hagu in yi hagu, har ƙofar gidan Jauro. Hannun da zai sauke daga kafaɗata shi zai ɗora a kan Alƙur'ani.

Me zan yi?